Da gaske ne a Holan ba a kama mai shan wiwi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Kawu. Ni matashi ne ɗan shekara 26, ina unguwar Zariya a nan Maraɗi. Maigidana ya samo mini biza, wata mai kamawa in Allah ya yarda zan tafi Beljiyam in duba masa motoci. Wani abokina da ke can ya ce ran Asabar za mu hau jirgin ƙasa mu je Amstadam mu ga dare. Wai can wiwi kamar goro take, a shago ake saye, ɗan sanda na kallo ba ya cewa uffan. Ƴan fadarmu har sun fara cewa in yo musu tsaraba. Ni ba mashayi ba ne, amma ba zan ɓoye maka ba, ina son in gani da idona. Da gaske ne an halatta ta? Don Allah a sakaya sunana.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Na sakaya sunan, sai ka yi addu'a kada maigidan naka ya kasance cikin masu karanta wannan fili.

Na bi hanyar nan shekaru, tun muna wuni a tsaye a layin Heyvaert na Burusel muna leƙa ƙarƙashin mota cikin sanyi, mu loda a tashar jirgin ruwa ta Anvers ta sauka Kwatano. Don haka abokin naka na san irinsa. Akwai gaskiya a zancensa, amma rabi ya faɗa maka.

Bari mu fara da kalmar da ka yi amfani da ita. A bakinmu "halatta" kaya biyu take ɗauka: abin da gwamnati ta kawar da kai a kansa, da abin da Allah ya halatta. Na biyun ka san hukuncinsa tun kana makarantar allo, duk abin da ke sa maye haramun ne, kuma tikitin jirgi ba ya canza shi. Shawarata kada ka sha. Sai dai na ga jiya na ga yau, na san nasihar tsoho sau da yawa a filin jirgin Yamai take tsayawa, yaro ya wuce shi kaɗai. To ga abin da nake so ka tafi da shi.

Holan, ƙasar da Amstadam take ciki, ba ta halatta wiwi ba. A takardar dokarsu har yau laifi ce. Abin da ya faru shi ne a 1976 sun raba kayan maye gida biyu, masu tsanani irin su hodar iblis da masu sauƙi, suka sa wiwi a na biyu, suka ce ba za su riƙa gurfanar da mai ɗan abin sha ba. Daga nan shagunan da suke kira kofishof suka samu gindin zama, bisa sharuɗɗa: sai mai shekara 18, ba a sayar wa mutum fiye da giram 5 a rana, ba giya a ciki, ba talla, kuma shago ba ya ajiye fiye da giram 500. A ƙofa za a nemi fasfonka. Ɗan sanda ma in ya ga dama zai iya karɓe ɗan abin da ke aljihunka, ko da bai kai ka ko'ina ba. Kawar da kai ne, kuma mai kawar da kai yana iya juyowa.

Ba ma kowane gari ba. A Maastricht, wadda ke dab da iyakar Beljiyam, sai mazaunin ƙasar ake sayar wa, baƙo a ƙofa ake mayar da shi. Amstadam tana barin baƙi su saya, amma mutanen gari sun gaji da hayaƙi da hayaniyar masu yawon dare. Tun watan Mayun 2023 an hana busa wiwi a kan titi a tsohuwar unguwar tsakiyar gari da ake kira De Wallen, wato daidai inda abokinka zai ja ka. Tarar yuro 100 ce. Sama da jika 65 kenan a kan zuƙa biyu. Otel ma yawancinsu ba su yarda da hayaƙi a ɗaki ba, kuma na'urar da ke manne a rufi ba ta san kai baƙo ba ne.

Da dare ya raba za ka ga wasu samari suna tsaye bakin gada, ka gifta su yi maka raɗa. Kada ka tsaya, kada ka ko amsa. Abin da ke hannunsu wani lokaci garin magani ne kawai, wani lokaci abin da ya fi haka. A ƙarshen 2014 matasa uku ƴan Ingila suka mutu a Amstadam bayan an sayar musu da farar hiroyin da sunan hodar iblis, har hukumar gari ta kafa manyan alluna a tituna tana gargaɗi.

Yanzu bari in ba ka labarin da ya sa na zaɓi wasiƙarka cikin tarin da ke gabana. Wata shekara cikin hunturu muka je mu huɗu, har da wani yaro sa'anka, karonsa na farko a Turai. Shi ma ba mashayi ba ne, ko sigari bai taɓa riƙewa ba. Ya ce shi ba zai busa komai ba, amma ga gato nan ana sayarwa a kan kanta, irin kek ɗin da ake kwaɓawa da wiwi, ai wannan ci ne ba sha ba. Ya ci rabi. Muka yi ta yawo kusan minti 40, ya ce Turawa sun cuce shi, gato ne kawai mai tsada, ya cinye sauran. Ba mu ankara ba ashe ya sayi na biyu ya tura aljihu, shi ma ya bi da shi.

Muna kan wata gada ya tsaya cak. Ya ce ƙafafunsa ba nasa ba ne. Ya zauna a ƙasa, zufa na karyo masa alhali mu haƙoranmu na kaɗawa don sanyi. Na dafa ƙirjinsa, zuciya na dukan tara-tara kamar kalangu. Sai ya fara kalmar shahada, ya kama hannuna yana ba ni wasiyya, ya ce kuɗin Alhaji suna cikin safar ƙafar hagu, in gaya wa innarsa ta yafe masa. Yau muna ba da labarin muna dariya a fada, amma a daren nan ba wanda ya yi dariya. Na kira 112, lambar agajin gaggawa ta duk ƙasashen Tarayyar Turai. Masu motar asibiti tambaya uku suka yi mini: me ya ci, nawa ya ci, ƙarfe nawa. Na faɗi gaskiya, ba wanda ya kira ɗan sanda. Sai washegari da azahar ya dawo hayyacinsa, mun rasa jirginmu, mun rasa wata mota da muka yi ciniki a kanta.

Ga abin da ya same shi. Sinadarin da ke sa maye a wiwi, THC, in an busa shi cikin mintuna yake kai wa ƙwaƙwalwa, mutum ya ji ya tsaya. In an ci shi kuwa sai ya bi ciki, hanta ta juya shi ya koma wani nau'i mai ƙarfi, kuma yana iya ɗaukar minti 30 zuwa awa 2 kafin a ji komai. Wannan jiran shi ne tarkon. Idan ya taso kuma yana iya kai awa 12 bai saki mutum ba. Ga shi ganyen da ake nomawa can a cikin ɗaki ƙarƙashin fitila ba irin wanda kuke jin warinsa a bayan tasha ba ne, THC ɗinsa kan kai kashi 15 cikin 100 ko fiye.

Ko da kai ba ka taɓa ba, wataƙila kai ne za ka riƙe abokinka, don haka ka san wannan. A kai shi wuri mai shiru, a ba shi ruwa da ɗan abu mai zaƙi, a yi ta gaya masa zai wuce, kada a bar shi shi kaɗai. In yana amai a kwantar da shi ta gefe. In ƙirji na ciwo, ko ya suma, ko ya daina gane mutane, a kira 112 ba tare da jin kunya ba. Giya a kan wiwi ita ce ke kayar da mutum warwas, kuma Amstadam gari ne da ruwa ya ratsa ko'ina, magudanan da yawansu ba su da shinge, ruwan kuma sanyin ƙanƙara. Ga kekuna da jirgin titi da ke zuwa ba ƙara. Wanda a danginsu akwai taɓin hankali, ko mai ciwon zuciya, shi kam ko kusa kada ya je, don wiwi mai ƙarfi tana iya tayar da abin da yake kwance. Ka kuma karanta takardar inshorar da aka sa ka saya kafin biza, da yawa irinta ba sa biyan abin da maye ya jawo.

Sai batun aikin da ya kai ka. Ran Litinin za ka hau motar mutane ka gwada. Ƴan sandan Beljiyam suna gwajin miyau a bakin hanya, a fitsari kuma alamar wiwi kan yi kwanaki. Ka lissafa abin da za ka gaya wa maigidanka idan aka tsayar da kai.

Tsarabar ƴan fada kuwa, ka gaya musu Kawu ya ce a'a. Daga Amstadam zuwa Burusel awa biyu ne a jirgin ƙasa, ba wanda zai buga maka hatimi, shi ya sa mutane ke mantawa sun ƙetare iyaka. Sun ƙetare. A Beljiyam wiwi haramtacciya ce, shigo da ita daga wata ƙasa kuma laifi ne na daban, ana kuma bincike a jiragen da ke fitowa daga Holan. Faransa a 2020 ta fara yanka tarar yuro 200 nan take. Jamus da kake ji an ce ta halatta a Afrilun 2024, babu shago ko ɗaya da baƙo zai shiga ya saya, ƙungiyoyi ne na mazauna ƙasar. Kanada da ta halatta tun Oktoban 2018 ita ma ta hana fita da ita ko shiga da ita. Kowace ƙasa don ƴaƴanta ta yi dokarta. Ɗan ƙasa ya biya tara ya koma gida ya kwanta, kai kuwa biza gare ka, sunanka in ya shiga takardar ƴan sanda yana iya tare maka hanya ran da ka koma neman wata.

In kuma ka tsallake duk wannan, ta Istanbul ko Kasablanka, filin jirgin Diori Hamani na jiranka. Dokarmu ta 1999 kan miyagun ƙwayoyi tana nan, hukumar OCRTIS mai yaƙi da fataucinsu kuma ita ce ta kama tan 17 na wiwi a Yamai a watan Maris na 2021, ba baƙon abu za ka nuna musu ba. In ta Kano ka biyo, takwararta ta Najeriya, NDLEA, ce. Kafin ka haɗa kaya ka zazzage aljihun rigar sanyinka da jakarka, musamman in abokinka ya ara. Ƴan fada ka sayo musu cakulan.

TAMBAYA: Kawu barka da aiki. Ni ƴar kasuwa ce, ina zuwa Bankok saro takalma da jakunkuna. Zuwana na baya na ga shaguna masu hoton koren ganye ko'ina. Wata ƙawata ta ce man wiwi na maganin ciwon gwiwa, ni kuma Innata gwiwa ta hana ta sallah a tsaye. Ta Dubai nake dawowa, kuma da azumi muna da niyyar Umra tare da ita. In sayo mata?

AMSA: Hajiya, Allah ya ba Inna lafiya, ya saka miki da alheri. Kada ki sayo.

Abin da kika gani gaskiya ne, Tailan ta cire wiwi daga jerin miyagun ƙwayoyi a watan Yunin 2022, shaguna suka ɓarke kamar ciyawar damina. Amma a Yunin 2025 gwamnati ta ja linzami, yanzu sai da takardar likita. Man da aka tatso kuwa, in THC ɗinsa ya haura kashi 0.2 cikin 100, tun farko bai fita daga haramci ba, kuma ke ba ki da yadda za ki auna abin da ke cikin kwalba. Dubai da Saudiyya ba sa wasa da wannan, a Saudiyya fataucin ƙwaya har hukuncin kisa yana kaiwa. Ki tuna Brittney Griner, shahararriyar ƴar ƙwallon kwandon Amurka. A Fabrairun 2022 aka same ta da man wiwi da bai kai giram ɗaya ba a filin jirgin Mosko, ta ce likita ne ya rubuta mata a ƙasarsu, aka yanke mata shekara 9. Sai da gwamnatinta ta yi musayar fursuna kafin ta fito a Disamba. Ni da ke, Hajiya, wa zai yi musaya dominmu?

Ki riƙa duba alewa da shayi da abin sha a can, duk mai hoton ganyen nan ki ajiye shi. Saƙon da ba ki buɗe kin gani ba kada ki karɓa, ko na wa ne, ko da ƙawar taki ce. Inna kuma ki kai ta asibiti a ɗauki hoton gwiwar tun kafin azumi, a Harami ma akwai keken turawa na ɗawafi. In dai tsarabar Bankok ake so, akwai man zafin nan mai hoton damisa a kowane farmasi, ki sayo mata manyan kwalabe biyu.