Filin Tambaya da Amsa: Me Ya Haɗa Lissafin Gwiwa da na Ƙwaƙwalwa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce mai karatun digiri na biyu a fannin gashin ƙashi, kuma bincikena a kan tafiyar waɗanda suka yi fama da shanyewar ɓarin jiki ne. Na ɗauki bidiyon mutum 12 daga cikinsu da kuma lafiyayyu 12, kowa taku goma, na auna yadda gwiwa take lanƙwasawa, na raba kowane taku gida 101. Na yi gwajin t, wato gwajin ƙididdiga mai kwatanta matsakaicin rukunoni biyu, a kowane gida da taku 240 ɗin da na tara, na samu bambanci a wurare tara. Da na gabatar da aikin, sai wani daga cikin malamai ya ce lissafin bai tsaya ba, in je in koyi yadda masu nazarin hoton ƙwaƙwalwa suke yi. Malam, me ya haɗa kifi da kaska? Ɗalibarka, daga Tudun Wada, Gombe.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya ba da sa'ar karatu. Malamin nan gaskiya ya faɗa miki, kuma na fi so ki ji ta yanzu da a ce sai bayan an ɗaure kundi. Abin da ya haɗa gwiwa da ƙwaƙwalwa a nan shi ne yawan gwaji.

Idan mai bincike ya ce ya yarda da ƙimar p da ta gaza 0.05 (p ita ce lambar da ke nuna yiwuwar dace kaɗai ya ba da irin bambancin da aka gani), ma'anarsa ya amince cewa ko da babu wani bambanci na haƙiƙa tsakanin rukunoni biyu, sau ɗaya cikin 20 gamon katar kawai zai nuna masa bambanci. A gwaji guda wannan kasada ce da za a iya ɗauka. Amma idan aka yi gwaji 20 waɗanda ba su dogara da juna ba, yiwuwar aƙalla ɗaya ya ba da sakamakon ƙarya takan kai kashi 64 cikin ɗari. Yaron da ya rufe ido ya yi ta jifa cikin bishiyar mangwaro dole wani jifan ya kaɗo ɗa, ba don ya iya saiti ba. Ke kuwa jifa 101 kika yi, saboda haka wurare taran nan suna iya zama gaskiya, suna kuma iya zama dace, kuma hanyar da kika bi ba ta da yadda za ta rarrabe miki.

Masu hoton ƙwaƙwalwa su ma sun faɗa wannan rami, kuma nasu ya fi zurfi. Na'urar ɗaukar hoton aikin ƙwaƙwalwa takan raba hoton zuwa ƙananan tubala, kowanne faɗinsa milimita biyu ko uku, kuma a kowane tubali ake yin gwaji. Tubali 100,000 a kan ma'aunin 0.05 zai ba da wajen 5,000 da za su nuna alamar aiki alhali babu komai. A shekarar 2009 wani mai bincike a Amurka, Craig Bennett, da abokan aikinsa suka bayyana yadda suka sanya mataccen kifi a cikin na'urar, suka jera masa hotunan mutane, suka yi lissafi ba tare da gyaran yawan gwaji ba, sai ga tubala 16 daga cikin 8,064 sun nuna kamar ƙwaƙwalwar kifin tana aiki. Sun yi lissafin haka ne da gangan domin su ja kunnen 'yan uwansu masu bincike, kuma da suka yi gyaran da ya dace, ko tubali ɗaya bai saura ba.

Gyara mafi sauƙi shi ne wanda ake dangantawa da Bonferroni, masanin lissafi ɗan ƙasar Italiya: a raba 0.05 da yawan gwajin. A aikinki sai ƙimar p ta sauka ƙasa da kusan 0.0005 kafin ki yarda da ita. Wannan yana tsare ki daga ƙarya, sai dai ya yi tsauri fiye da kima, domin yana ɗaukar kowane gida kamar baƙo ne ga maƙwabcinsa. Alhali kuwa kusurwar gwiwa a kashi 40 na taku da kusurwarta a kashi 41 Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, tunda tsoka da jijiya ba sa barin gaɓa ta yi tsalle daga wani matsayi zuwa wani. Haka ma tubalan ƙwaƙwalwa da ke jingine da juna. A farkon shekarun 1990 Karl Friston a Landan ya fito da tsarin da ake kira SPM, wato zana taswirar ƙididdiga a kan hoton gaba ɗaya, shi kuma Keith Worsley na Jami'ar McGill da ke Kanada ya ƙarfafa shi da wani reshe na lissafi mai auna santsin hoton, sannan ya faɗi tsayin da dace kaɗai zai iya kaiwa a cikin hoto mai irin wannan santsi. Duk abin da ya haura wannan tsayi shi ake karɓa. Daga baya wani mai binciken motsin jiki, Todd Pataky, ya lura cewa layin motsin gaɓa shi ma irin wannan taswira ce, sai dai tsawo kawai gare ta, ya kuma samar da manhajar spm1d da ake saukewa kyauta a yi aiki da ita a harshen kwamfuta na Python ko MATLAB. Can malaminki ya tura ki. Da wannan hanya za ki yi gwaji guda a kan layin baki ɗaya, ta nuna miki daga kashi kaza zuwa kashi kaza na taku ne rukunonin suka rabu.

Ni dai, ga mai mutum 24 kamarki, na fi karkata ga gwajin gauraya, domin ba ya bukatar a yi zaton cewa bayanai sun bi wani tsari na musamman, kuma ana iya bayyana shi ga kowa. Ki ɗauka an rubuta sunayen mutanen 24 a 'yan takardu, an zuba a ƙwarya, an cakuɗa, an raba gida biyu ba tare da duba mai lafiya ko majinyaci ba, sannan aka yi gwajin t a wurare 101 aka rubuta sakamako mafi girma. Hanyoyin raba mutum 24 zuwa 12 da 12 sun kai 2,704,156, amma idan kwamfuta ta maimaita sau 10,000 ya wadatar. Idan bambancin da kika gani a rabon gaskiya ya shiga cikin kashi biyar cikin ɗari mafiya girma na waɗannan sakamako, to kina da abin faɗa. Wannan hanya ta nuna ƙarfinta a 2016, lokacin da Anders Eklund da Thomas Nichols da Hans Knutsson suka ɗauki hotunan lafiyayyu 499 da suke kwance ba sa yin komai, suka yi musu nazari wajen sau miliyan uku da manhajojin SPM da FSL da AFNI. Sun gano cewa a wasu saituna na hanyar da ke duba girman curin tubala, sakamakon ƙarya ya kai kashi 70 cikin ɗari a maimakon biyar, yayin da gwajin gauraya ya tsaya kusa da inda ya kamata.

Akwai wani kuskure a wasiƙarki da ya fi na farko damuna, wato ƙirga taku 240 a matsayin yawan samfuri. Duk wanda ya taɓa sayen masara a Tudun Hatsi ya san cewa ɗiba goma daga buhu ɗaya labarin buhu ɗaya suke bayarwa. Taku goma na mutum guda suna kama da juna saboda ƙafa ɗaya ce ta yi su, don haka mutum 24 gare ki. Ki haɗa takun kowane mutum ki fitar da matsakaicin layinsa, ko ki nemi malamin ƙididdiga ya nuna miki tsarin da ke lissafa taku a ƙarƙashin mai shi.

Kada kuma ki ce za ki guje wa duk wannan ta hanyar kallon layukan biyu, ki zaɓi inda suka fi nisa da juna, ki gwada nan kaɗai, domin idonki ya riga ya yi gwaji 101 ɗin a ɓoye. Zaɓen wuri guda yana halatta ne idan tun kafin ɗaukar bidiyo kika rubuta shi da dalilinsa. Misali, an san ƙafa takan yi kusan kashi 60 na zagayen taku a ƙasa, kashi 40 a sama, kuma gwiwar mai lafiya takan lanƙwasa zuwa wajen digiri 60 lokacin da ƙafar take sama, abin da sau da yawa yake raguwa bayan shanyewar ɓarin jiki. Sannan ki faɗi girman bambancin da digiri, ki kwatanta shi da kuskuren awonki, musamman idan zani ko doguwar riga sun sa alamar da kika liƙa a gwiwa ta goce. Ki kuma rubuta saurin tafiyar kowa, domin ko mai lafiya ya rage sauri lanƙwasar gwiwarsa takan ragu.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Nakan ga hotunan ƙwaƙwalwa a Facebook da jan tabo, a ce nan ne wurin fushi ko wurin ƙarya. Shin ƙwaƙwalwa takan yi ja ne haka? Kuma an rubuta wa mahaifina hoton MRI na kai, ko in yi shakkar sakamakon? Malamin makaranta, daga Yalwa, Bauchi.

AMSA: Barka kadai, Malam, Allah ya ba Baba lafiya. Ƙwaƙwalwa ba ta yin ja. Launin nan mai bincike ne ya shafa shi a kan tubalan da lissafinsu ya haura ma'aunin da ya zaɓa, kuma da ya ɗaga ma'aunin ko ya sauke shi da tabon ya ragu ko ya ƙaru. Abin da na'urar take bi ma sauyin iskar oksijin ne a cikin jini, bisa hanyar da wani masanin kimiyya, Seiji Ogawa, ya bayyana a 1990, kuma wannan sauyi sai bayan daƙiƙa huɗu zuwa shida da motsawar ƙwayoyin ƙwaƙwalwa yake kaiwa ƙololuwa. Wuri guda kuma yakan shiga ayyuka da dama, don haka kiransa wurin fushi kaɗai wuce gona da iri ne.

Hoton da aka rubuta wa Baba daban yake. Shi siffar ƙwaƙwalwar yake nunawa, likitan da ya ƙware a karatun hoto ya duba da idonsa ko akwai ƙari, ko zubar jini, ko wurin da jini ya daina isa, kuma babu ruwansa da gwaje-gwajen da na yi bayani a sama. Ku kai shi a yi masa a kan lokaci, ku kuma sanar da ma'aikatan tun kafin ya shiga idan akwai ƙarfe ko na'urar bugun zuciya a jikinsa, domin maganaɗisun na'urar yana da ƙarfi ƙwarai.