Tirelata ta zauna, in ɗaga ta ko in canja sifirin?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, sannu da ƙoƙari. Ni mazaunin Amurka ne, na sayi wata 'yar tirela ta hannu irin wadda ake jonawa a bayan mota, mai gado da ɗan kicin a ciki, muna fita da ita da iyali lokacin hutun yara. Toh yanzu ta zauna, gefen hagu ma ya fi na dama sauka, in na zo shiga gidan mai sai in ji bayanta yana kartar ƙasa, kuma na ga shatin taya a jikin rumfar da ke samanta. Wani abokina yace kawai in juya aksil ɗin, wato ƙarfen da tayoyin biyu ke jikinsa, zata tashi. Dan Allah meye shawara? Daga mai karatu a Texas.

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya tsare hanya. Gaskiya wannan shatin tayar shi ya fi tayar min da hankali, dan ranar da ta gogu sosai kana cikin gudu da yara a mota fashewa zata yi, saboda haka ka ajiye tirelar tukuna.

Matsala biyu ka haɗa, zaman da ta yi da kuma ƙarancin tsayi, kuma zaman ake fara gyarawa. Ka kai ta waje mai shafe, ka shiga ƙarƙashi da tocila ka duba wane irin ƙafa gare ta. In sifirin ne mai falle-falle, lafiyayye zaka gan shi a lanƙwashe, wanda ya gaji kuwa ya miƙe sumul, wani ma har ya fara juyawa ta baya. Ka bi fallen ɗaya bayan ɗaya musamman kusa da kusar tsakiya, nan suke yawan tsagewa kuma tsatsa na ɓoye tsagar. Sai shakul, wato 'yan ƙarafan nan da ke riƙe da kan sifirin ɗin, yawanci bushin ɗin roba kamfani ke sawa a ramin da kusa ke ratsawa kuma baya daɗewa, in ya cinye sai kusa ta riƙa cin ƙarfe har ramin ya tashi daga zagaye ya koma dogo, wannan kaɗai ya isa ya sauke gefe ɗaya.

In ka tabbatar sifirin ne toh ka canja duka biyun, kar kace na hagu kawai, in ba haka ba zata karkace ta ɗaya gefen. Ka auna tsawonsa daga ido zuwa ido, da yawa daga cikin ƙananan nan inci 25 da kwata ne, amma ka tuna wanda ya miƙe ya fi asalinsa tsawo. Ka sa sabbin yubol, wato lanƙwasassun kusoshin da ke ɗaure sifirin da aksil, ba a maida tsofaffi, in da hali ka sayi bushin na tagulla da kusoshi masu kan giris. Sau da yawa da an gama wannan zaka ga ta tashi da kanta har ka fasa maganar ɗagawa.

Kuma ka tambayi kanka me ya gajiyar da shi. A gaba ta gefen hagu akwai takarda manne mai ɗauke da GVWR, iyakar nauyinta kenan da kaya da komai. Ka loda ta yadda kuka saba fita ka hau sikelin kamfanin CAT a tashar manyan motoci ka ga ko nauyin ya wuce hakan, ruwa kaɗai kowace lita kilo ɗaya ne, kuma ba mamaki tankin ko firij a hagun suke.

Yanzu maganar abokinka. Yana da gaskiya rabi, ana maida sifirin daga ƙasan aksil zuwa samansa kuma tana tashi kamar inci 4 zuwa 6, amma ba kifa aksil ɗin ake yi ba. An ɗan lanƙwasa shi sama tun daga kamfani dan in kaya ya hau tayoyi su tsaya daidai, in ka kifa shi gyaran gangar Auzinawa ka yi, taya zata riƙa cinyewa ta ciki. Sabon mazaunin sifirin ake ɗorawa a sama, kamfanin Dexter masu ƙera aksil suna sayar da kayan a haɗe, kuma ni dai nafi son mai walda ƙwararre ya kama shi. In kuma ka leƙa baka ga sifirin ba sai ƙarfe mai kusurwa huɗu da hannu a kowane gefe, toh irin mai roba a ciki ne, shi in robar ta mutu sai dai sabon aksil.

Ɗagawa bata ƙara mata ƙarfin ɗaukar kaya ko kilo ɗaya, kuma tana ƙara mata layi a kwana da lokacin da babbar mota ta wuce ka. Dole ka ɗaga ƙwallon jan da ke bayan motarka dan ta tafi a miƙe, nauyin da ke kansa ya zama kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirelar, ka duba wayar birki ko ta isa, matakalar ƙofa ma zata yi wa yara nisa. Bayan mil 50 na farko ka tsaya ka sake ɗaure notikan yubol da na taya, suna saki.