Karen da maigidana ya tsinta ya mutu: ko kukan da nake yi laifi ne?

Tambaya:

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni mace ce mai 'ya'ya huɗu, gidanmu yana bakin gari, bayanmu gonaki ne. Shekara tara da suka wuce marigayi maigidana ya tsinci wani ɗan kwikwiyo a cikin kwalbati, mota ta karya masa ƙafa. Ya kawo shi gida ya ɗaure ƙafar da tsumma da kara har ta warke, yara suka sa masa suna Tsintau. Bayan rasuwar maigidan shi ne ya zame mana mai gadi, a zaure yake kwana. Makon jiya ya daina cin abinci, yana ta dalalar da miyau, na shigar da shi ɗaki saboda sanyi, autana yana ɗura masa ruwa a baki da hannu, har ya mutu. Na naɗe shi da farin ƙyalle muka binne a bayan gida. Tun ranar nake kuka. Ƙanin mijina ya ce abin kunya ne musulma ta yi wa kare kuka, kuma duk shekarun nan ladana raguwa yake yi, har sallolina ma akwai shakka a kansu. Shin haka ne? Zan iya yi masa addu'a da sadaka, in riƙa tunawa da shi a Facebook duk shekara? Yara kuma suna tambayata ko za su gan shi a Aljanna.

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya jiƙan maigidanki, ya raya abin da ya bari, ya ba ki haƙuri.

Baiwar Allah, kafin mu shiga halal da haram akwai abin da ba zai jira ba. Kin ce karen yana dalala, kuma autanki yana sa hannu a bakinsa. Ni ba likita ba ne, amma wannan alama ana ganinta a karen da aka ba guba, ana kuma ganinta a ciwon haukan kare, wanda ba kullum yake zuwa da cizo da hargowa ba. Wani karen lafewa kawai yake yi har ya mutu. Cutar tana bin miyau ta shiga ta cizo, ko yakushi, ko wani ɗan ƙurji da ke hannu. Tana iya ɓoyewa a jiki wata biyu ko uku, idan kuwa ta bayyana kusan ba a tsira. Ki kai yaron nan asibiti yau, da duk wanda miyan ya taɓa, ki faɗa wa likita abin da kika faɗa mini ba tare da jin nauyi ba, shi zai yanke ko sai an yi allura. Wannan wajibi ne a kanki, ya fi duk sauran tambayoyin gaggawa. In kuma ta tabbata guba ce, to ki sani wani yana da ido a kan gidanki. Ki sanar da mai unguwa da maƙwabta, ki duba makullanki.

Sai kuka. Babu laifi a cikinsa. Anas ɗan Malik, Allah ya yarda da shi, yana da ƙane ƙarami da ake wa alkunya da Abu Umair, yana da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi. Tsuntsun ya mutu. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya shigo ya tarar da yaron a cikin damuwa, ya tambayi dalili aka faɗa masa, sai ya ce: "Ya Abu Umair, me ɗan tsuntsu ya yi?" Rarrashinsa ya yi, bai ce masa abin kunya ba ne. Hawaye da ɓacin zuciya ba a kama bawa da su. Abin da aka hana shi ne kururuwa da marin fuska da maganar da ke nuna ƙin hukuncin Allah, kuma ban ga ko ɗaya a wasiƙarki ba. Ki faɗi Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, domin ayar ta game kowace irin asara, babba da ƙarama.

Maganar ƙanin mijinki kan raguwar lada ita ce mai buƙatar a zauna a kanta, domin ba daga kansa ya ƙirƙiro ta ba. Hadisin ingantacce ne: wanda ya riƙi kare ba na farauta ko kiwo ko gona ba, ladansa na raguwa ƙiraɗi (wani ma'aunin lada) ɗaya kullum, a wata ruwaya biyu. Akwai manyan malamai da suka tsaya a kan ukun nan cak. Ibnu Ƙudama a cikin Al-Mugni ya rinjayar da cewa ba a riƙon kare don gadin gida, yana ganin idan aka buɗe ƙofar kiyasi, wato auna gadin gida a kan ukun nan, za a halatta abin da hadisin ya zo ya hana. Ya kuma kawo hujjar cewa gadin gida ba daidai yake da ukun ba, tun da ɓarawo zai iya yaudarar kare da abinci ya kwashe kaya. Ita ma Risalar da muka tashi muna karantawa a zaure ta ce ba a riƙon kare a gidajen birni ko na ƙauye sai don shuka ko dabbobi ko farautar neman abinci.

Duk da girman waɗanda suka faɗe shi, ban ga wannan ra'ayi ya hau kanki ba, kuma ban gan shi mafi ƙarfi ba. Me ya haɗa farauta da kiwo da gona? Buƙata ce: jawo amfani ko tunkuɗe ɓarna. Karen makiyayi aikinsa ya kori kura da ɓarawo daga tumaki, karen gona ya kori biri da alade daga hatsi. To shari'ar da ta yarda a tsare tunkiya da zangarniyar dawa, ta yaya za ta hana a tsare marayu huɗu da uwarsu a gidan da babu namiji babba, bayansa kuma daji? Rai da mutunci suna gaba da dukiya a wurin kowace mazhaba. Idan an halatta wa ƙarami, babba ya fi cancanta.

Hujjar yaudara da abinci kuwa ba ta raba komai ba, domin karen garke ma ana yaudararsa da nama, amma hakan bai sa aka hana makiyayi riƙonsa ba. Kuma duk wanda ya zauna a bakin gari ya san ɓarawo ba ya wahalar neman guba sai don karen ya tsaya masa a wuya. Tsoron kada kiyasi ya cinye hadisin shi ma bai tabbata ba, domin bayan an fitar da mai gadi, hanin yana nan daram a kan wanda ya ajiye kare don ƙawa da alfahari, ko don ya riƙa tsorata maƙwabta da baƙi, kuma irin waɗannan ba su da kaɗan a yau.

Ba ni na fara faɗin haka ba. Ibnu Abdil Barri, babban malamin Malikiyya na Andalus wanda ya rasu a shekara ta 463 bayan hijira, ya ce a cikin At-Tamhid ma'anar hadisin ta ƙunshi halaccin riƙon kare don kowane amfani da kau da cuta idan mutum ya buƙata. Imamu Nawawi a sharhin Muslim ya kawo fuska biyu a kan karen gadin gida, ya inganta halacci. Shi kansa mai Risalar, Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, masu sharhinta sun ruwaito cewa katangar gidansa ta faɗi a lokacin da yake jin tsoro a kan ransa, sai ya ajiye kare. Aka ce masa ai Malik ya ƙi wannan, ya ce da Malik ya riski zamaninmu da zaki mai cizo zai ajiye. Wanda ya rubuta hanin da hannunsa ke nan, ya fahimci cewa hukuncin yana tafiya ne da halin tsaro. A cikin malaman wannan zamani, Shaihu Ibnu Usaimin, wanda ya tsananta a kan gidan da ke tsakiyar gari, ya halatta wa gidan da ke keɓe babu mutane kewaye da shi. Ke kuwa kin ce bayanki gonaki ne, kuma a zaure yake kwana. Waɗannan kalmomi biyu su suka yanke hukuncin. Da kin ce mini a kan gadonki yake kwana a gida mai maigadi a tsakiyar birni, da amsar ta canza. Ina fatan babu ƙiraɗi ko ɗaya da ya ragu daga ladanki, sai ma ƙari na ciyarwa da shayarwa, domin a kowace hanta mai danshi akwai lada.

Sallolinki lafiyarsu ƙalau. A mazhabar Malik kare mai rai tsarkakakke ne, jikinsa da miyansa, wanke ƙwarya sau bakwai kuma bin umarni ne. Ko a wurin waɗanda suka ce najasa ne, wanke wurin da miyan ya taɓa ya wadatar, babu mai cewa zaman kare a zaure yana ɓata sallar da aka yi a ɗaki. Shigar da shi ɗaki a kwanakin ciwonsa ne kaɗai da kin tambaye ni kafin ki yi, da na ce ki shimfiɗa masa buhu a kicin ko wani lungu mai ɗumi, saboda hadisin da ya ce mala'iku ba sa shiga ɗakin da ke da kare. Tausayi ne ya sa ki, ya kuma wuce, babu kaffara a kanki.

Binne shi daidai ne, ya fi a jefar a juji ya dami mutane. Farin ƙyallen in don suturta mushe ne, babu komai. In kuwa a zuciyarki likkafani kika nufa, ki yi istigfari, domin wanka da likkafani da salla da fuskantar da alƙibla haƙƙin mamacin musulmi ne shi kaɗai. Kada a kewaye wurin, kada a kafa alama, kada yara su mai da shi wurin ziyara.

Addu'ar gafara da sadaka ba su da gurbi a nan, ba don an wulaƙanta shi ba, sai don ba a ɗora masa shari'a ba, ba shi da zunubin da za a yafe. Hotonsa a waya da ba da labarinsa idan hira ta kawo, babu laifi. Ware masa rana duk shekara kuwa ki bar shi. Ko ɗan Adam ba a shar'anta mana haka a kansa ba. Facebook kuma shawarata ki rufa wa zuciyarki asiri. Za ki rubuta da hawaye, waɗanda ba su san daren da kika kwana kina sauraron haushinsa kina samun natsuwa ba su zo su yi dariya, ki tashi da ciwo biyu. Ki kiyayi kuma kalmar nan da baƙin ciki ke sa mutane faɗa, wai kare ya fi mutane amana. Allah ya karrama 'yan Adam, kuma a cikinsu akwai waɗanda suka tsaya miki lokacin takaba.

Yara kuwa ki gaya musu gaskiya daidai hankalinsu. Abin da ya tabbata shi ne za a tara dabbobi ranar ƙiyama a yi musu adalci a tsakaninsu, har a rama wa tunkiya marar ƙaho abin da mai ƙaho ta yi mata, kuma an ruwaito daga magabata a tafsirin ƙarshen Suratun Naba'i cewa daga nan za a ce su zama turɓaya. Labarin da ake yawo da shi cewa karen As'habul Kahfi yana Aljanna ba shi da hadisi ingantacce. Saboda haka kada ki ce musu Tsintau yana Aljanna, kada kuma ki bari wani ya ce musu yana wuta. Ki ce ba ya jin ciwo yanzu, Allah ba ya zaluntar kowa, kuma wanda ya shiga Aljanna yana samun abin da ransa ke so. Buhari ya ruwaito labarin ɗan Aljannar da ya roƙi a bar shi ya yi noma, aka bar shi. Su yi aikin shiga, sauran su bar wa Mai gidan.

Akwai abin da ba ki tambaya ba amma na gan shi a wasiƙarki. Da maigidanki kika fara labarin. Shi ya sunkuya cikin kwalbati, shi ya ɗaure ƙafar da tsumma da kara. Ina zaton rabin kukan nan nasa ne, domin abu na ƙarshe mai rai da hannunsa ya rena a gidan, bayan 'ya'yansa, shi ne ya tafi. In haka ne, to sadakar da zuciyarki ke son yi tana da mai ita, kuma shi tana isa gare shi babu saɓani. Mutumin da ya shayar da kare da huffinsa Allah ya gode masa ya gafarta masa. Ki roƙi Allah ya karɓi aikin mijinki irin wannan karɓa. Ki ciyar da mabuƙaci da niyyarsa, ko ki ajiye kasko da ruwa a ƙofar gida lokacin bazara don dabbobi da tsuntsaye, ladan ya je masa. Ki lazimci addu'ar Ummu Salama: Allahumma'jurni fi musibati wa akhlif li khairan minha. Idan kuma kika ga makonni sun shuɗe ba kya barci, ba kya cin abinci, kada ki ɓoye. Ki samu 'yar'uwa da kika yarda da ita, ko ki ga likita.

Ƙanin mijinki kada ki riƙe shi a zuci. Hadisi ya ji, bai ji bayanin malamai a kansa ba. Ki nuna masa wannan amsa cikin ladabi, shi kuma ina tuna masa cewa tsaron gidan ɗan'uwansa da marayun da ke ciki yanzu nauyi ne da ya fi kusa da shi fiye da kowa. Idan buƙatar gadi tana nan, ya halatta ki sake ajiye wani karen, da sharaɗin wurinsa zaure ko tsakar gida, a ware masa kwanonsa, a ɗaure shi da rana don kada ya firgita masu wucewa, a kuma kai shi wurin likitan dabbobi a yi masa allurar rigakafi a kan lokaci.

Wallahu a'alam.