Amsa ga mai son tayar da akori-kurar mahaifinsa ƙirar Peugeot 504

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, na karanta tambayarka a kan akori-kurar da ka gada, wadda ka ce ta shekara 8 a ajiye a ƙarƙashin darbejiya, kana son ka yi mata sabon fenti, ka sa mata ƙafafu masu ƙyalli, ka kuma cire injinta ka dasa na motar Japan, duk a cikin gida. Allah Ya jiƙan mahaifinka, Ya kai haske kabarinsa. Ni ma irin wannan motar na tayar a ƙofar gidana, aikin ya ɗauke ni wata 14, kuma shawarar da zan ba ka ita ce ka juya tsarin naka baki ɗaya, abin da ka sa a gaba ya koma ƙarshe.

Fenti ne kuskurena na farko. Na ƙagu in ga motar tana sheƙi, sai na kira wani mai gyaran bodi ya cike ramukan tsatsa da foti, ya fesa fari a kai. Damina ɗaya ta wuce, sai ga ƙuraje sun fito a ƙasan ƙofofi, da na danna ɗaya da ɗan yatsa kuwa sai ya burma, jan gari ya zubo. Tsatsa ba a rufe ta, yanke ta ake yi a walda sabon ƙarfe a gurbinta. Saboda haka kafin ka sayi ko gwangwani ɗaya na fenti, ka ɗage shimfiɗar ƙasa ka duba daben da direba ke ɗora ƙafa, ka duba gindin gilashin gaba inda ruwa da ganye ke kwanciya, da wurin zaman batir, sannan ka shiga ƙarƙashi da tocila da guduma ƙarama ka ƙwanƙwasa ƙarfen shasi, musamman inda sifirin baya ya kama. Ƙarfe mai lafiya yana amsawa da ƙara mai kaifi, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji ɗif. Kada ka yarda ka shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai. Ka tokare ta da ƙarfen tsayawa ko kututture mai kauri a kan ƙasa mai tauri.

Game da inji, ina roƙonka kada ka ɗaura batir ka murza makulli don ka ji ko za ta tashi. Man fetur da ya shekara 8 a tanki ya zama danƙo, zai toshe kafireta, kuma fistin da suka bushe za su karce silinda. Ka zare fulogi huɗun, ka ɗiga baƙin mai kaɗan a kowane rami, ka bar shi kwana biyu ko uku, sannan ka juya injin da hannu ta hanyar sifana. Idan ya juya ba tare da cijewa ba, to ka yi hamdala, domin rabin damuwarka ta kau.

Akwai abin da ya kamata duk mai taɓa injin Peugeot na wancan zamani ya sani. Silindarsa ba haƙa ta aka yi a cikin gangar injin ba, hannun riga ne na ƙarfe da ake zurawa, ruwan lagireto yana kewaye shi, kuma kan injin ne ke danne shi a mazauninsa. Idan ka cire kan injin, ka juya karanshaf, wato sandar da fistin ke juyawa, ba tare da ka danne waɗannan hannayen riga da noti da washa ba, fistin zai ɗaga su, abin da ke tare ruwa a gindinsu ya saki, daga nan ruwa ya gangara cikin baƙin mai. Haka ya faru da ni. Na haɗa komai, na tayar da mota, washegari na zaro sandar awon mai na gan ta da launin shayi mai madara, dole na sake sauke injin gaba ɗaya. Kan injin kuma na alminiyam ne, zafi yana lanƙwasa shi, don haka a kai lagireto a wanke, a canja tiyo duka, a daina zuba ruwan rijiya tsurarsa.

Batun dasa injin Japan, ban goyi baya ba, sai dai in gangar injin ta tsage. Za ka shiga yanke-yanken mazaunin inji, da haɗa giyabos da firofela da ba jinsinsu ɗaya ba, kuma duk ranar da wani abu ya lalace babu bakaniken da zai san inda zai kama. Kamfanin PAN (Peugeot Automobile Nigeria) da ke Kaduna ya fara haɗa Peugeot tun 1975, kuma an ci gaba da haɗa 504 a Najeriya har zuwa wajen 2006, shi ya sa har yau ana samun kayanta a Fanteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano, ga tsofaffin makanikai da suka san wannan inji kamar tafin hannunsu. Ka tafi kasuwa da tsohon abin a hannunka, domin injin 504 iri-iri ne, akwai mai ƙarfin lita 1.6, da 1.8, da 2.0, ban da na dizal.

Birki kuwa ba a yi masa kwaskwarima. Robobi da tiyo da man birki duka a zubar a sa sababbi, tayoyin nan ma da suka shekara 8 a ajiye sun mutu ko da zanensu bai goge ba. Wayoyin wuta ka bar wa rewaya, domin ɓeraye ba sa ƙyale motar da ke ajiye.

Sai bayan ta tashi, ta tsaya da kyau in an taka birki, ka yi mako biyu kana zagaya unguwa da ita ba ta zafi, sannan a zo maganar ado. Abin da na ƙara wa tawa kaɗan ne: na maye gurbin kwantak, wato abin da ke sakar wa fulogi wuta, da na'urar kunna wuta ta zamani, na sa bel ɗin kujera sabo, na shimfiɗa katako mai kauri a akwatin baya na shafe shi da mai, na kuma kai kujera aka ɗinke ta da launin da ta zo da shi. Ƙafafu masu ƙyalli ba kowanne ke shiga ba, saboda tazarar ramukan noti ta bambanta, kuma kada ka bari kowa ya huda maka sababbin ramuka a motar da aka ƙera don ɗaukar kaya. Idan ka sauya launi, ka je ofishin lasisi a gyara takardu, ka kuma tabbatar lambar shasi ta yi daidai da abin da ke rubuce tun kafin ka kashe ko sisi.

Ka turo mana hoton daben direba da na mazaunin sifirin baya, da su za mu gane ko walda za ka fara nema ko bakanike.