Amsoshin Tambayoyinku: Canza Wa Tocila Ƙwai Da Rigimar Batirin Jabu

Wani ɗalibi daga Gwallameji a Bauchi ya ce yana da ƙaramar tocila mai jikin ƙarfe, mai cin batir 18650 (batirin litiyom mai caji) guda ɗaya, kuma haskenta bai ishe shi karatu ba idan an ɗauke wuta. Yana so ya cire ƙwan da ke ciki ya sa wani ƙwan LED mai ƙarfi, Cree XM-L2.

Ɗana, ana yi, kuma tunda jikinta alminiyon ne ka tsallake siraɗin farko. Da roba ce, da na ce ka haƙura. Amma ka sani, ba ƙwai kaɗai ke ba da haske ba. A bayansa akwai ɗan faifan lantarki da masu gyara ke kira direba, shi ne ke ƙayyade wutar da ke isa ga ƙwan. XM-L2 yana iya ɗaukar wuta amfiya 3, wato miliyamfiya 3,000, ya ba da haske kusan lumen 1,000 (lumen ma'aunin haske ne), amma idan direbanka miliyamfiya 350 yake saki, ɗan bambancin da za ka gani bai kai kuɗin da ka kashe ba. Ka canza su tare ko ka bar su tare. Ka auna faɗin farantin da ƙwan ke zaune a kai, domin akwai mai milimita 16, akwai mai 20. A shafa man nan mai sanyaya injin kwamfuta a ƙarƙashinsa, a kula da wayar fulos da ta mainos wajen sa dalma. Wat 10 ɗin da ƙwan ke ci, a cikin abu kamar yatsa, zafi ne sosai, kuma zafi ke kashe ƙwan LED. Batirinka ma wajen awa guda kawai zai yi a kan haske mafi ƙarfi, ko ƙasa da haka. In ba ka taɓa riƙe ƙarfen dalma ba, kai wa mai gyaran waya a kasuwar Wunti. Ni dai a ganina, don karatu, fitilar tebur mai caji ta fi maka.

Wani kuma daga Azare yana tambaya ko zai iya jona wa tocilarsa batirin babur don ta ƙara haske. Malam, farin ƙwan LED bolt 3 da ɗan abu yake so, kai kuma za ka ɗora masa 12. Za ta ƙara haske, sau ɗaya.

Sai wasiƙar wani mai gadi daga Pantami a Gombe. Ya sayi tocila an rubuta lumen 100,000 a kwalinta, batirinta kuma 9,900mAh (ma'aunin yawan cajin da batir ke riƙewa), amma kafin sha biyun dare ta mutu. Yana tambaya ko canza ƙwai zai gyara ta.

Baba, ƙwan bai yi maka laifi ba, batirin ne maƙaryaci. Kuma a nan zan ɗan tsaya, don wannan abu ya ishe ni. Batir 18650 na gaskiya, irin na Samsung ko LG ko Panasonic, mafi ƙarfinsa bai wuce wajen 3,500mAh ba. Duk wanda ka ga an rubuta masa 6,000 ko 9,900, rubutu ne kawai, tawada ba ta da tsada. Na gaskiyar nauyinsa wajen giram 45 ne. Ɗora na jabu a tafin hannu ka ji shi sakayau. Wasu tsofaffi ne da aka ciro daga mataccen batirin laftof aka sa musu sabuwar riga. Lumen 100,000 kuwa daga ƙwai ɗaya da batir ɗaya, ko a mafarki babu.

Abin da ke ba ni haushi shi ne mu da kanmu. Mutum zai tsaya ya yi ciniki har ya gaji a kan mudun masara, ya ɗiba ya duba ko da ƙwari, amma a wajen kayan lantarki sai ya zaɓi mai manyan lambobi da araha, ya tafi yana murna. Wata biyu ya dawo ya sayi wani. Araha ba ta ado, kuma wannan arahar tana iya tayar da gobara. Batirin litiyom ba a cajinsa ya wuce bolt 4.2, caja ta banza kuwa ba ta san tsayawa ba. Kada a bar shi a caji a kan katifa a tafi barci, kada a ajiye shi a rana a watan Afrilu. Idan ledar jikinsa ta yage, a daina amfani da shi, domin duk ƙarfen jikin nan mainos ne, yana haɗuwa da fulos sai wuta. Kada a sa shi a aljihu tare da makulli. Wanda ya kumbura ko yake zafi yana caji ya gama aiki. Baba, ka nemi batir biyu na ƙwarai, ɗaya a ciki ɗaya a ajiye, ka riƙa sintiri da matsakaicin haske. Za su kai ka asuba.

Wata baiwar Allah daga Jekadafari a Gombe ta rubuto cewa tana da tsohuwar tocilar marigayi mijinta, mai cin manyan batir biyu, ƙwan ya ƙone, kuma yaran sun ce a yar. Tana tsoron kada mai gyara ya lalata ta.

Hajiya, Allah Ya jiƙansa, Ya kai haske kabarinsa. Ki kwantar da hankalinki, taki ta fi ta kowa sauƙi, ba dalma ba yanka waya. Akwai ƙwan LED mai gindi irin na tsohon ƙwai, na bolt 3, ana zare wancan a sa wannan. Ki ba yaro tsohon ƙwan ya tafi da shi kasuwa a gwada gindin, kuma a kunna sabon a gabansa kafin ya biya. Batirin zai fi daɗewa fiye da da. In za ki ajiye ta kwanaki ba amfani, ki cire batiran, don irin waɗannan suna zubar da ruwa su cinye ƙarfen ciki.