Kafin ka sa wa jirginka ƙarin tanki, nemi takardun tafiya ka gani

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne, ina da abokan ciniki a ƙasashe biyu da ke maƙwabtaka da mu. Bara na sayi ƙaramin jirgin sama Cessna 182 mai kujera huɗu. Ɗan ƙanwata ne ke tuƙa shi, kuma shi na bar wa duk shirin tafiya. A tafiyarmu ta ƙarshe mun sauka a filin da aka ce masa akwai mai, muka tarar babu irin namu, jami'ai kuma suka riƙe mu wai ba ta filin ake shiga ƙasar ba. Kwana uku muka yi, cinikin ya wuce mu. Ina tunanin sa ƙarin tanki, in kuma riƙa ɗaukar fasinja biyu suna biya don jirgin ya ciyar da kansa. Me ka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Tanki bai yi maka laifin komai ba. Abin da ya zaunar da kai kwana uku yana cikin wasiƙarka: "aka ce masa". Wa ya ce? A rubuce ko a waya? Kai da kake da jirgin, ka ga takarda ko guda kafin ka hau? Na tabbata da baƙo ka ɗauka aiki, da ka tsare shi da waɗannan tambayoyin. Da yake ɗan ƙanwarka ne sai ka ji nauyi, shi ma ya ji nauyin ce maka bai gama shiri ba, kuka tashi a kan jita-jita.

Iya tuƙi daban, shirya tafiyar ƙetare daban. Yaron na iya zama gwani a sama amma bai taɓa neman izinin sauka a wata ƙasa ba. Tun 1944 Yarjejeniyar Shikago, wadda ta kafa ICAO, hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta duniya, ta ba kowace ƙasa ikon tilasta wa jirgin da ya shigo mata ya fara sauka a filin da ta ware don binciken kwastan, ya kuma fita ta irinsa. Wannan yana sashe na 10. Jerin filayen ba sirri ba ne, kowace ƙasa na wallafa shi a kundinta da matuƙa ke kira AIP, tare da lokutan aikin jami'an kwastan da na shige da fice. Wani filin sai an sanar da su tun da wuri suke zuwa, wani ba sa aiki a ƙarshen mako. Sauye-sauyen wucin gadi kuma suna fitowa a sanarwar NOTAM. Izinin ratsa sararin samaniya da na sauka, ƙasashe da yawa kan nemi kwana biyu zuwa uku na aiki kafin su bayar, kuma da ranar tafiya a jikinsa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Yanzu ga maganar mai, inda na fi so ka tsaya. Jirginka afgas 100LL yake sha, wato fetur ɗin ƙananan jiragen sama, mai launin shuɗi. Manyan jirage kananzir ɗin Jet A-1 suke sha, shi ne kuma ake samu kusan ko'ina. Idan ka buga waya ka ce "akwai mai?", za a ce maka akwai, kuma ba ƙarya aka yi maka ba. Na taɓa ba wani mai jirgi shawara bayan irin wannan ta same shi. Ƙanensa ke tuƙa masa. Suka sauka, motar mai ta zo, sai da matuƙin ya duba rubutun jikinta ya ga kananzir ne. Allah ya taimake su ya duba, don injin irin wannan jirgi idan aka zuba masa kananzir yana iya tashi lafiya da ragowar man da ke cikin bututu, sannan ya mutu suna sama. Suka jira aka kawo musu afgas a ganga ta mota. Kafin ta iso izinin saukarsu na ƙasa ta gaba ya ƙare, aka koma neman sabo, kuɗin ajiye jirgi a fili na ta hawa. Da gangar ta zo, matuƙin ya ɗebi kaɗan a kwalbar gwaji ya ɗaga ta a haske, sai ga ɗigon ruwa kwance a ƙasan shuɗin man. Shi ya sa man ganga ba a zuba shi sai an duba hatimi da kwanan wata, an gwada, an tace.

Ga lissafin ƙarin tankin da kake so. Sabbin samfurin 182 na ɗaukar kimanin lita 330, suna shan wajen lita 50 a awa. A takarda awa shida da ɗoriya ke nan, wanda ya fi abin da yawancin tafiye-tafiyenka ke buƙata. Litar afgas na da nauyin kilo 0.72, wato cikakken tanki ya kusa kilo 240, alhali duk abin da jirgin zai ɗauka bai wuce wajen kilo 500 ba. Ragowar kilo 260 ɗin manya uku ne da ƙananan jakunkuna. Kowace lita da ka ƙara, daga mutum ko kaya za a cire ta, ga kuma neman amincewar hukuma kafin a taɓa tsarin man jirgi. Dokar ƙasashe da yawa ta ce matuƙin da ya tashi da rana, sama na garau, ya sauka da ragowar man minti 30 aƙalla. Ni a tafiyar ƙetare wannan bai ishe ni ba. Kada zango ya wuce awa huɗu, kuma ku sauka da man da zai kai ku wani filin da shi ma aka tabbatar yana da afgas.

Batun fasinja kuwa, cire shi daga ranka. Da zarar ka karɓi kuɗin kujera don riba, tafiyar ta tashi daga ta ƙashin kai ta koma sufurin haya, wanda ke buƙatar lasisin kamfanin jirgi, matuƙi mai lasisin haya, da inshora ta daban. Idan wani abu ya faru, kamfanin inshorarka zai iya zare hannunsa ya bar ka da iyalan mutane. Na gaji da jin cewa ƙaramin jirgi zai ciyar da kansa. Lokaci yake saya maka, kuma kai kake biya.

Abin da za ka yi shi ne, ka kira ɗan ƙanwarka ka gaya masa cikin mutunci cewa daga yau ba a tashi sai ka ga fayil da idonka, kwana biyu kafin tafiya. A ciki a samu lambar izinin kowace ƙasa, amsar kwastan cewa suna jiranku a wannan lokacin, da imel daga mai sayar da mai da ya ambaci 100LL da sunansa, yawan litar, da yadda ake biya, don wasu wuraren tsabar kuɗi kawai suke karɓa. A haɗa da takardun da sashe na 29 na Yarjejeniyar Shikago ya lissafa, irin su rajistar jirgi, shaidar lafiyarsa, lasisin matuƙi da na rediyo, da jerin fasinja da kaya. Ka karanta inshorarka ka ga ko ta ambaci ƙasashen da kake zuwa. Samfurin haja da kuɗin da ke aljihunka, ka bayyana su da bakinka kafin a tambaye ka. Idan aikin ya fi ƙarfin yaron, akwai kamfanonin da sana'arsu ke nan, neman izini da shirya mai, kuma ladansu bai kai asarar kwana ɗaya cikin ukun da ka yi ba.

Sannan ka buɗe littafi na jirgin kaɗai. Bayan kowace tafiya a rubuta mai, kuɗin sauka, kuɗin ajiya, kuɗin amfani da sararin samaniya, gyara, da cinikin da tafiyar ta kawo. Bayan shekara ka raba jimillar da awannin da kuka yi a sama, ka kwatanta da abin da za ka biya in shatar jirgi kake yi. Idan shata ta fi sauƙi, sayar da shi.