Yaya wuta ta tashi ba a ƙyasta ashana ba?

Tambaya: Ina da tireda a Agege. Makon jiya maƙwabcina yana zuba wa janareta fetur sai wuta ta kama, alhali babu mai sigari ko ashana a wurin. Muka watsa ruwa, sai ta bi ƙasa ta cinye shago biyu. Tun ranar ban yi barcin kirki ba, don ni ma jarkata tana cikin shago. Me ya jawo haka?

Amsa: Malam, Allah Ya mayar da alheri, Ya tsare gaba. Wuta ba ta tashi sai abu uku sun haɗu: abin da za ta ci, zafi, da iskar oksijin, wadda ita ce kashi 21 cikin 100 na iskar da muke shaƙa. A wurin maƙwabcinka duka sun cika. Tururin fetur ne ke kamawa, ya fi iska nauyi, a ƙasa yake kwanciya. Zafin salansa ko tartsatsin fulogi ya ishe shi.

Amma zancen ruwan nan shi ne ke ci mini tuwo a ƙwarya. Mu 'yan kwana-kwana, duk gobarar mai da muka je, sai mun tarar an riga mu da bokiti. Fetur bai kai ruwa nauyi ba, a samansa yake yawo, don haka ruwan da kuka watsa shi ya ɗauki wutar ya kai ta shagon gaba. Sai kuma masu cewa a kaɗa Omo a ciki. Wa ya koya musu? Kumfar 'yan kwana-kwana haɗi ne na musamman, tana lulluɓe man ta toshe masa iska. Ta bokiti kuwa nan take take mutuwa, ruwan ya ci gaba da ɓarnarsa. A kaskon mai ƙosai abin ya fi muni: ruwan ya nutse ƙarƙashin mai, ya zama tururi mai ninki wajen 1,700, ya feso wuta a fuskar baiwar Allah. Na ga irin ƙunar nan da idona, ba na fatan sake gani.

Ruwa na wutar katako ne da takarda da tsumma. Ta mai, iska ake raba ta da ita: yashi, murfin tukunya, ko tukunyar kashe gobara mai hoda.

Yau ɗin nan ka fitar da jarkar zuwa inuwa inda iska ke kaɗawa, a toshe, nesa da janareta. Kada a ƙara mai sai an kashe shi ya huce. In wuta ta tashi, a fitar da mutane, a kira lambar gaggawa ta Legas, 112 ko 767, tun tana ƙarama.